Yadda ƙauyenmu ya samu tallafin CSDP: matakan da muka bi daga rajistar ƙungiya har zuwa fitar ruwa

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu sun sha tare ni a kasuwa ko wajen ɗaurin aure suna tambaya wane babba ne ya tsaya mana a Katsina har muka samu rijiyar burtsatse mai sola da kwalbati a lokaci guda. Idan na ce babu kowa, sai su yi murmushi, su ɗauka ɓoyewa nake yi. Wannan zato yana cutar da mu ƙwarai, domin shi ne ke sa gari guda ya naɗe hannu yana jiran ɗan siyasa, alhali ƙofar a buɗe take. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke arewacin jihar Katsina, kuma ni aka ɗora wa aikin magatakardan kwamitin da ya gudanar da wannan aiki. Duk takardar da aka rubuta ta bi ta hannuna. Zan faɗi abin da muka yi bi da bi, da inda muka sha jira, da inda kuɗi ya fita, saboda wani garin ya huta da laluben da muka yi.

Shirin da muka shiga sunansa CSDP, shirin raya al'umma da gwamnatin tarayya da jihohi suka gudanar da rancen Bankin Duniya. Ya fara aiki a 2009 da dala miliyan 200, aka ƙara masa dala miliyan 140 a 2014. An gina shi ne a kan wasu shirye-shirye biyu da suka gabace shi, LEEMP da CPRP, kuma Katsina na cikin jihohin da suka yi LEEMP, shi ya sa jami'an jiharmu suka riga suka saba da aikin. Abin da ya bambanta shi da ayyukan gwamnati da muka saba gani shi ne ba a kawo ɗan kwangila daga birni ya yi abin da aka ga dama ya tafi. A lokacin da shirin ke aiki, mutanen gari ne ke zaɓar aikin, su ke kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, sauran kashi 90 a zuba a asusun da su da kansu suka buɗe, su sayo kaya, su ɗauki ma'aikata, su kawo lissafi. Iyakar abin da ake amince wa gari ɗaya a lokacinmu naira miliyan 10 ne.

Mun fara ne bayan kakar 2015. A lokacin rijiyoyin gari biyu ne, kuma da zarar bazara ta kama sai su koma laka. Mata da yara kan yi sammako su tafi rafi su tona yashi, su jira ruwa ya taru a kwarya. A ajina nakan ƙirga kujerun 'yan mata babu kowa har ƙarfe goma na safe, in sun zo kuma barci suke yi. Muna da ƙungiyar samari mai yin gayya, su ke gyaran maƙabarta da cike zaizayar hanya, su ke nome gonar wanda ya kwanta ciwo, amma ba ta da rajista, ba ta da littafi, kuɗinta a aljihun shugaba yake. Wani abokin aikina da garinsu ya riga ya samu ajujuwa ta wannan shiri shi ya ce mini kada mu ɓata lokacin rubuta wasiƙa kafin mu yi wa ƙungiya rajista, domin ita ce tambayar farko da za a yi mana. Na kai maganar gaban Magaji, wato mai garinmu, na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan ba na samari kaɗai ba ne, sai gari duka ya shigo." Ya sa masu unguwanni suka yi shela, Liman ya maimaita bayan sallar Juma'a, aka taru a ƙofar fada aka mai da ƙungiyar samari ta zama ƙungiyar ci gaban gari.

Rajista a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yin ta, a sashen da ke kula da ƙungiyoyi da walwalar jama'a. Abin da aka nema a wurinmu shi ne kundin dokokin ƙungiya a rubuce, da bayanin taron da aka kafa ta tare da sunayen waɗanda suka halarta da sa hannunsu ko dangwalen yatsa, da sunayen shugabanni da hotunansu na fasfo, da wasiƙar Magaji wadda Hakimi ya buga wa hatimi. Kundin dokokin shi ya fi ba mu wahala, don ba mu taɓa rubuta irinsa ba. Na aro na wani gari na duba fasalinsa, amma muka zauna muka rubuta namu da Hausa, aka karanta wa jama'a sashe-sashe, sannan aka juya shi zuwa Turanci don fayil. Kuɗin rajistar a lokacin 'yan dubbai kaɗan ne, an ba mu rasit. Abin da ya fi shi ci shi ne kuɗin babur da buga takardu da wanke hotuna, kuma waɗannan daga aljihunmu suka fita, babu mai maido maka. Takardar shaida ta ɗauki wasu makonni saboda akwai sa hannun da sai an jira mai shi. Shawarata a nan ita ce duk takardar da za ka miƙa ka yi kwafinta, ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka kwafin.

Da shaidar rajista ta fito sai muka rubuta wasiƙar nuna sha'awa zuwa ga hukumar da ke gudanar da shirin a jiha, ta hannun shugaban ƙaramar hukuma. Wasiƙa ce gajera: sunan gari, mazaɓa, kimanin yawan jama'a, matsalolin da ke damunmu, da alkawarin cewa za mu kawo namu kason. A lokacinmu, a ƙaramar hukuma akwai jami'i guda da aka ware wa wannan shiri, shi ake nema tun farko, shi ke faɗin ko ƙaramar hukumar na cikin waɗanda ake aiki da su a lokacin. Daga nan sai jira. A cikin wannan jiran ne wani mutum ya zo da mota da babbar riga, ya ce ya san hanya, in an ba shi wani abu zai sa a ɗauko fayil ɗinmu daga ƙasa a ɗora a sama. Wasu dattawa har sun fara karkata, don a saninsu haka duniya take tafiya. Muka ce ya ba mu kwana biyu, muka je muka tambayi jami'in ƙaramar hukuma, ya ce bai san mutumin ba, kuma ba a biyan ko sisi don a duba wasiƙa. Mutumin bai sake dawowa ba. Duk wanda ya nemi kuɗi a wannan matakin, ku sallame shi da girma da arziki.

Jami'an hukumar sun zo a tsakiyar ranin 2016, kuma zuwansu shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya ya kula. Mun shirya musu tabarmi a ƙofar fada, mun shirya wanda zai yi jawabi, kuma a zukatanmu, mu maza, mun riga mun yanke cewa kwalbati za mu nema, saboda da damina rafi kan raba mu da kasuwa, amalanke ba ta wucewa, taki ba ya shigowa. Suka saurari jawabin, suka yi godiya, sannan suka ce a raba jama'a: dattawa daban, samari daban, mata daban tare da jami'a mace, masu buƙata ta musamman da zawarawa su ma a ji ta bakinsu. Suka sa muka zana taswirar gari a ƙasa da sanda, ina rijiya, ina makaranta, ina rafi, ina unguwar da ta fi nisa. Kowane rukuni ya lissafa damuwarsa, aka wakilta kowace damuwa da alama a ƙasa, aka ba kowa tsakuwa ya ajiye inda ya fi masa ciwo. A wajen mata tsakuwar ta taru kusan duka a kan ruwa. Da aka haɗu don a daidaita, wani dattijo ya ce ai ruwa ana samu ko da wahala, hanya ce ba a samu. Sai wata gwaggona, wadda ban taɓa jin muryarta a taron gari ba, ta yi magana daga bayan zana ta ce, "Malam, ku kuna ganin ruwan ne a buta. Mu muka san inda ya fito." Aka yi tsit. Ruwa ya zo na ɗaya, kwalbati na biyu, gyaran ɗakin shan magani na uku. Na daɗe ina tunanin wannan rana. Da an bar mu mu kaɗai muka rubuta, da mun nemi abin da rabin gari bai sa a gaba ba, kuma da rabin garin nan bai fitar da kwabonsa da daɗin rai ba.

A wannan zama aka zaɓi kwamitin gudanar da aiki, wanda jami'ai ke kira CPMC. Akwai shugaba, ma'aji, magatakarda, mai binciken kuɗi da sauran wakilai, kuma sharaɗi ne a saka mata a ciki. An kuma kafa ƙananan kwamitoci, na sayen kaya da na sa ido da na kula da aikin bayan an gama. Magaji ba ya cikin kwamiti, uba ne mai sa albarka da raba gardama, kuma wannan ya kare masa mutuncinsa daga baya lokacin da maganar kuɗi ta yi zafi. Ma'ajinmu mace ce, wata uwar adashi da matan gari suka shekara da shekaru suna ajiya a hannunta ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wasu maza sun yi gunaguni, amma ba wanda ya iya kawo sunan namijin da ya fi ta amana.

Sai rubuta kundin tsarin raya gari, wato takardar da ke ɗauke da ayyukan da aka zaɓa bisa jerin muhimmancinsu, da ƙiyasin kuɗin kowanne, da yadda za a kula da shi. Injiniyan hukumar ya taimaka da zane da lissafin siminti da rodi da bututu, mu kuma muka zaga kasuwa muka jiyo farashi. Da aka haɗa, rijiya da kwalbati kaɗai sun kusa cinye miliyan 10, don haka ɗakin shan magani ya fita. A nan ne maganar fili ta taso. Inda ya fi dacewa da tanki gefen wata gonar gado ce, kuma babban wan gidan ya ce ya bayar saboda Allah. Jami'ai suka ce baki bai isa ba, sai an rubuta takardar sadaukar da fili, duk magada sun sa hannu, har da mata, Magaji da Liman sun shaida. Ɗaya daga cikin magadan tana aure a wani gari, ɗaya yana cin rani a Legas. Mun ji haushin wannan jinkiri a lokacin, muna ganin an tsananta. Bayan shekara biyu wani gari kusa da mu ya shiga rigima a kan filin rijiyarsu da aka bayar da baki, wani magaji ya dawo ya ce bai sani ba, ya kewaye wurin da ƙaya. Tamu takardar tana nan a cikin akwati, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Buɗe asusun banki ya zo da tasa wahalar. Banki mafi kusa yana hedikwatar wata ƙaramar hukuma, kuma sun nemi shaidar rajista, kundin dokoki, bayanin taron da aka amince a buɗe asusu aka kuma ambaci masu sa hannu, hotuna, katin shaida, da lambar BVN ta kowane mai sa hannu. Tun ƙarshen Oktoban 2015 Babban Banki ya rufe wa'adin haɗa asusu da wannan lamba, don haka ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Ma'ajinmu ba ta taɓa shiga banki ba. Sai da muka nemi izinin maigidanta, aka kai ta aka ɗauki hoton yatsunta, aka jira lamba ta fito. Shugabanmu kuma sunan da ke katin zaɓensa ya sha bamban da na BVN ɗinsa, a ɗaya an rubuta sunan mahaifi, a ɗaya sunan gari, sai da ya je kotu ya yi takardar rantsuwa. Ku duba wannan tun ranar zaɓen kwamiti. Kafin a ce wane ne mai sa hannu, a ce ya fito da katunansa a gani ko sunayen sun yi daidai.

Tara kashi 10 ɗinmu, wanda ya kusa naira miliyan ɗaya, shi ne abin da kowa ya ce ba zai yiwu ba a garin da mafi yawan mutane ba su da abin da ya wuce gero da wake da 'yan awaki. Abin da ya taimake mu shi ne an yarda wani ɓangare ya zama kayan aiki da ƙarfin jiki, kamar yashi da tsakuwa da haƙa ramin bututu, a ƙiyasta su a kuɗi. Sauran kuwa dole a gan shi a asusu. Ba mu yanka wa kowa kuɗi daidai wa daida ba, don wanda ya ɗaure dami ɗari ba ɗaya yake da wanda ya ɗaure goma ba. Masu unguwanni sun san kowa, suka kasa magidanta gida uku, kowane rukuni da adadin tiyar hatsin da zai kawo, aka tara a zauren Magaji, aka kai kasuwa. Zawarawa da marasa lafiya ba a ɗora musu komai ba, duk da haka wasu sun aiko da ƙwai, wata ta aiko da kaza. Matan adashi suka sadaukar da kwasa guda. 'Yan cin rani da ke Kano da Abuja da Fatakwal muka bi su ta waya, suka turo nasu. Kowace Juma'a bayan an sallame nakan tsaya in karanta sunan duk wanda ya kawo da abin da ya kawo, da jimillar da ke asusu. Wannan karatun ya yi aikin da roƙo bai yi ba, domin mutum ya ji kuɗinsa ya isa inda aka ce, wanda bai kawo ba kuma ya ji ba a kira sunansa ba.

Kundinmu ya fara bi ta kwamitin tantancewa na ƙaramar hukuma, wanda ke duba ko aikin bai ci karo da wani da gwamnati ta riga ta tsara ba, kuma in makaranta ce ko asibiti, ko za a turo ma'aikata. Daga can ya wuce hukumar jiha, suka sake turo mutane suka duba wurin da idonsu, suka ga takardar banki mai nuna kasonmu ya shiga. Wannan zangon ya ci watanni, kuma shi ne lokacin da na fi shan baƙar magana, don mutane sun ba da hatsinsu, damina ta shigo, ba su ga komai ba. Akwai wanda ya ce mini a gaban jama'a, "Malam, ko dai geronmu ya zama babur?" Abin ya yi mini zafi har na kasa cin tuwon dare. Washegari na je banki na karɓo takardar bayanin asusu na liƙa a bangon masallaci. Da amincewa ta fito, aka kira 'yan kwamiti horo na 'yan kwanaki a kan rubuta littafin kuɗi, neman farashi daga wurare uku kafin a sayi abu, da adana rasit. Sannan aka sa hannu a yarjejeniya, aka yi taron ƙaddamarwa a gari, aka faɗi adadin kuɗin da babbar murya kowa ya ji, aka kafa allo mai ɗauke da shi.

Kuɗin ba a dunƙule yake zuwa ba, kashi-kashi ne, namu sau uku. Ba a sakin na gaba sai ka kawo lissafin na baya da rasit, an zo an ga aikin da aka yi da shi. Matsalar da muka ci karo da ita ita ce ƙiyasinmu an yi shi ne kafin watan Yunin 2016, lokacin da aka saki naira ta faɗi daga kusan 197 a dala zuwa sama da 280. Faifan sola da injin tura ruwa daga waje ake shigo da su, siminti da rodi su ma suka tashi. Kuɗin da aka amince ba ya ƙaruwa don kasuwa ta tashi. Muka koma gaban jama'a muka faɗi gaskiya, aka yanke shawara uku: a rage wuraren ɗiban ruwa daga huɗu zuwa uku, duk aikin lebura a yi shi da gayya, kuma a sake ɗan karo-karo bayan kaka. Canjin da muka yi sai da muka rubuta wa hukuma suka amince kafin mu taɓa, don in ka canza zane da kanka, lissafinka ba zai wuce ba.

Kafin haƙa sai da aka kawo masu auna ƙasa da na'ura, domin yankinmu akwai dutse a ƙarƙashi, ruwa a cikin tsagar dutsen yake, in ka kauce da 'yan taku sai ka haƙa busasshiya. Kada ku yarda a tsallake wannan awo don a rage kuɗi. Awo ya nuna wuri kusa da filin da aka sadaukar. Wani mai faɗa a ji ya so a matsar da rijiyar ƙofar gidansa, aka nuna masa takardar awo, Magaji ya ce, "Alhaji, ruwa ne ya zaɓi wurinsa, ba mu ba." Masu haƙa uku suka kawo farashi, muka ɗauki na tsakiya saboda mun je mun ga rijiyoyin da ya yi a wasu garuruwa suna aiki. Mun rubuta da shi cewa ba za a cika masa kuɗi ba sai an gwada ƙarfin ruwan na sa'o'i an kuma kai shi ɗakin gwaji an tabbatar ana iya sha. Kwamitin sa ido ya zauna a wurin tun daga fari har ƙarshe, suna ƙirga bututun da ake zurawa. A nan suka kama an kawo wasu bututu marasa kauri ba irin waɗanda aka rubuta ba, aka mayar, aka kawo na gaskiya. Ranar da ruwa ya yi tsiri sama, mata suka yi ta guɗa, tsofaffi suna kuka, ni kaina sai da na koma gefe na share ido.

Lissafin kashi na farko an dawo mana da shi sau ɗaya, saboda masu tifar yashi da masu amalanke ba su da rasit. Aka nuna mana yadda za mu yi takardar biya da kanmu, mai karɓa ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu. Daga nan ba mu sake fitar da ko naira ɗari ba tare da takarda ba. Kwalbatin an yi shi a ranin 2017, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi kaɗai aka biya, sauran unguwa-unguwa aka raba kwanaki, mata suna kawo kunu da fura, ruwan kwaɓa siminti kuma daga sabuwar rijiya.

Abin da ya biyo bayan bikin miƙa aiki shi ya fi komai muhimmanci a ganina, kuma shi ne ba a cika tambayata ba. Ƙasar nan cike take da rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda abin da bai kai kuɗin tunkiya ba, don ba a san wanda zai gyara ba. Tun ran gini tun ran zane, mun rubuta a kundinmu cewa za a riƙa biyan naira 10 a jarka, masu dabbobi su biya a wata, gidajen da aka san ba su da hali a yafe musu. An yi gardama sosai, wasu suna cewa ruwan Allah ba a sayarwa. Liman ya yi bayani cewa ba ruwa ake saya ba, inji ake tara wa kuɗin magani. Aka ɗauki mutum biyu masu kula da famfo da ɗan alawus, aka sa mai gadi saboda ɓarayin faifan sola, aka tura wani saurayi ya koyi gyara. Da injin ya ƙone bayan wasu shekaru, a asusun nan aka ciro kuɗi aka sayo sabo cikin mako, ba mu je ƙofar kowa ba.

Rarar wannan asusu ce ta haifi rumbun gari. Kowa ya san yadda talaucin ƙauye yake juyawa: da kaka manomi ya sayar da hatsi da arha don biyan bashi da hidimar biki, da tsakiyar damina ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Sai muka fara sayen gero da kaka muna ajiyewa, in watan Yuli da Agusta suka zo a sayar wa 'yan gari ƙasa da farashin kasuwa, ko a ba da rance a biya da hatsi bayan girbi. Ba ya isar kowa, kuma akwai shekarar da wasu suka kasa biya aka yi ta sulhu a fada. Amma gidaje da dama sun daina sayar da akuyar ƙarshe don cin abinci. Matan da suka huta da zuwa rafi wasu sun koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wasu sun yi ɗan lambun zogale da yakuwa inda ruwan famfo ke malala. 'Yan matan ajina suna zuwa kafin a buga ƙararrawa. Ba zan ce talauci ya bar garinmu ba, tsadar taki da ta abinci ta shekarun nan ta taɓa kowa, amma yanzu in matsala ta taso akwai littafi, akwai asusu, akwai mutanen da aka saba zama da su a yanke shawara.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da na gani shi ne wahalar ofis ƙarama ce a kan wahalar cikin gida. Ofis takarda yake nema, in ka kai cikakkiya za ta wuce. Riƙe amanar mutanen da suka ba ka hatsinsu suna jira wata da watanni shi ne aikin, kuma ba abin da ke riƙe ta kamar karanta lissafi a bainar jama'a ko ba a tambaya ba. Ku bar mata su yi magana a wurin da za su iya sakin jiki, ku ba su riƙon kuɗi in su ne masu amana. Kada ku saka ɗan takara ko na hannun damansa a kwamiti, don ranar da siyasa ta juya rabin gari zai janye. Ku sa ɗan rara a ƙiyasi saboda tashin kaya, ku tara naku kason da kaka lokacin da hatsi ke hannu, kuma ku yanke kuɗin gyara kafin a fara haƙa.

Shi CSDP an rufe shi a 2021. Bayansa aka zo da NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 750, kuma ɓangarensa na ƙananan ayyukan gari ta hannun waɗannan hukumomin jiha ya bi, da kusan irin wannan tsari. Sunan shiri yana canzawa, sharuɗɗa da adadin kuɗi ma haka, don haka ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku ku tambayi wanda ake yi yanzu da abin da yake nema. Kafin ku tafi, ku tabbatar ƙungiyarku na da rajista, asusunta na aiki, kuma littafin taronku na ɗauke da zama na kwanan nan da sa hannun waɗanda suka halarta, maza da mata.